Makaranta Biyu a Gini Ɗaya: Tsarin Gary da 'Ya'yan Leburorin Ƙarfe a Amurka

A shekarar 1906 kamfanin United States Steel ya fara gina wata babbar masana'antar ƙarfe a kan tuddan yashi da fadamun da ke kudancin gaɓar tafkin Michigan, a jihar Indiyana, kimanin kilomita 40 daga Shikago. Tare da masana'antar aka zana garin da ma'aikata za su zauna, aka sa masa sunan shugaban kamfanin, Elbert H. Gary. Ƙidayar 1910 ta tarar da mutum 16,802 a wurin da kusan babu kowa shekara huɗu kafin nan. A 1920 sun kai 55,378, a 1930 kuma sun haura 100,000. Galibin leburorin baƙi ne daga gabashi da kudancin Turai: mutanen Polan, Hungari, Sabiya, Kuroshiya, Italiya, Girka da Rasha. Daga baya baƙaƙen fata suka taso daga kudancin Amurka, 'yan Meksiko ma suka zo.

Duk garin da ke girma da irin wannan sauri, yara ne ke fara cika shi kafin a gama gina azuzuwa. Abin da Gary ta yi da wannan matsala ya zama abin muhawara a faɗin ƙasar na kusan shekara talatin, ya taimaka wajen kayar da magajin garin New York a zaɓe, ya kuma bar alamarsa a makarantun birane fiye da 200.

Abin da William Wirt ya tarar

A 1907 hukumar ilimi ta garin ta ɗauko William A. Wirt daga Bluffton, wani ƙaramin gari a jihar, inda yake shugabantar makarantu. An haife shi a 1874 a ƙauye, ya tashi a gona, ya kuma yi karatu a Jami'ar Shikago a zamanin da ra'ayin masanin ilimi John Dewey na koyo ta hanyar aikatawa ke tashe. Shi ya riƙe makarantun Gary har rasuwarsa a 1938.

Matsala ta farko ta kuɗi ce. Makarantun ba na kamfani ba ne, na gwamnatin gari ne, da harajin dukiya ake tafiyar da su. Tsarin mulkin Indiyana ya hana ƙaramar hukuma cin bashin da ya wuce kashi 2 cikin 100 na darajar dukiyar da aka ƙiyasta wa haraji a yankinta, ga shi kuma ƙiyasin da aka yi wa masana'antar bai kai ainihin darajarta ba. Doka kuwa ta tilasta yara zuwa makaranta: Indiyana ta yi tata dokar tun 1897, jihar Massachusetts ce ta fara a 1852, Mississippi ta zama ta ƙarshe a 1918. Ba Gary kaɗai ke cikin wannan matsi ba. Ɗaliban sakandaren gwamnati a Amurka sun tashi daga kimanin 200,000 a 1890 zuwa sama da miliyan 2 a 1920.

Matsala ta biyu ita ce titi, kuma ita ta fi damun Wirt. Kamfanin ya gina unguwa mai kyau kusa da masana'anta domin manyan ma'aikata da ƙwararru, ya bar leburori su nema wa kansu. Suka taru a kudu da layin dogo, a unguwar da ake kira Patch, cikin bukkokin katako da gidajen haya, ga mashaya ko'ina. Uba yana aikin awa 12 a rana, sau da yawa kwana bakwai a mako, kuma idan za a juya masu aikin dare su koma na rana sai mutum ya yi awa 24 a tsaye. Kamfanin bai daina wannan tsari ba sai 1923. Uwa tana fama da girki da wankin 'yan haya da aka cusa a gida don a samu na cefane. A daidai wannan lokaci ne ƙananan gidajen silima masu karɓar senti biyar suka bazu a unguwannin talakawan Amurka, bayan wanda aka buɗe a Pittsburgh a 1905. Ga gidajen rawa, ga jaridu masu arha da hotunan barkwanci. Yaron lebura ya sami malamai da yawa waɗanda babu mai sa musu ido.

Lissafin Wirt mai sauƙi ne. Makarantar da ke aiki awa biyar a rana, kwana 180 a shekara, tana riƙe da yaro awa 900 kacal. Sauran lokacin da yake a farke, wanda ya ninka haka sau da yawa, na titi ne. A ganinsa gona da shagon uba su ne suka tarbiyyantar da yaran da, birnin masana'anta kuma ya ƙwace su bai ba da madadi ba. Don haka makaranta ce za ta zama gonar, ta zama shagon, ta zama filin wasan, har ma ta zama gidan kallon. Sai dai kuɗin gina duk wannan babu shi, in dai za a ci gaba da ba kowane yaro kujerarsa shi kaɗai.

Yadda jadawalin ke juyawa

Dabarar tana nan: a makarantar da aka saba, lokacin da yara ke fili aji yana zaune babu kowa, lokacin da suke aji kuma fili da zauren taro suna zaune babu kowa. Wirt ya raba yaran gini ɗaya gida biyu, ana kiran rukunin farko X, na biyu Y. Kowane rukuni cikakkiyar makaranta ce mai dukkan azuzuwa. Idan X na cikin azuzuwa ana karatu da rubutu da lissafi da tarihi da labarin ƙasa, Y na warwatse a shagunan sana'a da ɗakunan gwaje-gwaje da zauren taro da filin wasa. Ƙararrawa na kaɗawa sai su yi musaya. Sunan da ya ba tsarin shi ne aiki, karatu da wasa.

Kada a ɗauka irin makarantar safe da ta yamma ce, wadda rabin yara ke tashi da azahar rabi su shigo. A can ana rage wa yaro lokaci ne. A Gary an ƙara masa: yini na kimanin awa takwas har da cin abinci, kowa yana harabar makaranta daga safe zuwa la'asar.

Jadawalin ya bambanta daga gini zuwa gini da kuma aji zuwa aji, amma ga misali a kan takarda don a ga ƙashin bayansa. A ɗauki yara 1,440, aji 36 masu yara 40. Tsohon tsari na buƙatar ɗakuna 36. A sabon tsari ɗakuna 18 sun isa. A raba yini zuwa zango takwas na awa ɗaya-ɗaya. Rukunin X ya shiga ɗakunan a zango na 1, 2, 5 da 6, rukunin Y a na 3, 4, 7 da 8. X ya ci abinci a zango na 4, Y a na 5, don haka ɗakin cin abinci ma rabin girma yake buƙata. Kowane rukuni ya rage masa zango uku a waje: ɗaya na sana'a ko kimiyya ko zane ko kiɗa, ɗaya na zaure, ɗaya na wasa. Ke nan a kowane ɗaya daga waɗannan zanguna akwai aji 18 a waje, shida a kowane sashe. Zaure zai ɗauki yara 240 a lokaci guda, fili da ɗakin motsa jiki 240, shaguna da ɗakunan gwaji 240.

A wannan adadi na ƙarshe ne gizo ke saƙa. Yara 240 a zaure malami biyu ko uku sun isa su riƙe su, a fili ma haka, kuma daga nan ake tsimin albashi. Amma ba a zuba yara 40 a gaban maƙera ko injin yankan katako. Idan shago zai ɗauki 20, ana buƙatar wurare 12, ba shida ba, kowanne da kayan aikinsa da mai koyarwa. Ɗakuna 18 da aka fasa ginawa su ne za su biya wannan. Idan aka fasa ɗakunan kuma aka ƙi gina shagunan, to an kori rabin yara daga kujerunsu ne kawai ba a ba su komai ba.

Tsarin ya zo da wasu sauye-sauye da ba makawa. Tun da yaro ba shi da teburinsa, sai a ba shi akwatin ƙarfe mai makulli a baranda ya ajiye kayansa. Tun da yara ne ke yawo, malami yana zaune a ɗakinsa da darasinsa guda, har a ƙananan azuzuwa, maimakon malama ɗaya ta koyar da komai. Domin kada yaro ya ɓace tsakanin malamai shida ko bakwai, aka ba kowane malami wani yanki na unguwa ya riƙe rajistar yaransa, ya san iyayensu. An kuma kasa yara uku gwargwadon saurin ɗaukarsu, ta yadda karatun shekara 12 wani zai gama shi a 10, wani a 12, wani a 14.

Manyan gine-gine biyu ne suka nuna tsarin a cikakkiyar siffarsa: makarantar Emerson da aka buɗe a 1909 a unguwar masu hali, da Froebel a 1912 a tsakiyar unguwar baƙi. Kowacce ta haɗa tun daga rainon yara har ƙarshen sakandare a gini ɗaya. Da gangan aka yi haka. Yaron lebura yakan bar karatu da zarar shekarunsa sun kai na neman aiki, musamman a gaɓar da zai bar firamare ya koma wani gini na daban a wata unguwa. Idan babu wannan gaɓa, kuma tun yana ƙarami yana leƙen abin da manya ke yi a ɗakin kimiyya, ana sa ran zai zarce. Akwai lambuna, da wurin kiwon dabbobi, da wurin ninƙaya. Ana buɗewa ranar Asabar da lokacin hutun bazara, da dare kuma iyayen su zo koyon Turanci da sana'a a kan kujerun da 'ya'yansu suka tashi.

Shaguna

Nan ma Wirt ya haɗa tsimi da tarbiyya. Kowace hukumar makaranta tana biyan kafinta da mai fenti da mai aikin famfo da mai gyaran lantarki don kula da gine-gine. Shi sai ya ɗauke su aiki na dindindin, ya ba kowannensu shago a cikin makaranta, yara su zama 'yan koyo a hannunsu. Aikin na gaske ne: ana ƙera tebura da kabad, ana gyaran bututu, ana fentin bango. Maɗaba'ar makaranta ce ke buga fom da takardun ofis. 'Yan mata masu koyon girki su ke dafa abincin rana da ake sayarwa, masu koyon kasuwanci kuma su riƙe littafin kuɗin. Manufar ita ce darajar abin da shago ya samar ta biya albashin mai sana'ar da kayan aiki.

Yara kan zaga daga shago zuwa shago na 'yan makonni, ba don su ƙware ba, don su ɗanɗana su san inda hannunsu ya fi faɗawa. Ƙanana kuma ana tura su a matsayin mataimaka ga manya a shaguna da ɗakunan gwaji, su riƙe wannan su miƙa wancan, suna kallo suna koyo.

Ra'ayin yana da kyau, amma yana ɗauke da saɓani a cikinsa. Idan an ce shago ya biya kansa, mai sana'a zai fi son ya gama aikin da sauri da hannunsa, ya bar wa yaro shara da goge katako. Idan kuwa ya tsaya koyarwa da haƙuri, katako zai lalace, aiki ya yi jinkiri, lissafi ya ƙi fita. Sannan aikin da gini ke buƙata a wannan mako ba lallai ya zama darasin da ya dace da yaron da ke gabansa ba.

Zaure da gidan silima

Awa guda a zauren taro kowace rana shi ne sashen da ya fi nuna abin da Wirt ke takara da shi. Ana haska majigi da hotuna masu tsayuwa, ana sa faifan garmaho, ana waƙar taro, ana muhawara da wasan kwaikwayo. Ajin da ya gama wani gwaji a ɗakin kimiyya zai hau dandamali ya nuna wa sauran. Bai yi ƙoƙarin hana yara kallo ba, don ya san hakan ba zai yiwu ba. Ya ɗauko na'urar ne daga hannun mai gidan silima ya kawo ta inda malami ke zaɓen abin da za a haska. Haka wurin ninƙaya da filin da aka sa wa fitilu: abin da ke jan yaro zuwa titi ne aka shigo da shi cikin shinge.

A nan ne kuma ake mayar da 'ya'yan baƙi Amurkawa. Yaran da ke jin harsuna barkatai a gida suna zama wuri ɗaya, su rera waƙa ɗaya, su yi bukukuwan ƙasa ɗaya, su ji bayani kan tsafta da zaɓe da mulkin gari. Makaranta da silima aiki iri ɗaya suke yi ta wannan fuska, wato raba wa dubban mutane abu guda a lokaci guda. Bambancin shi ne wa ke zaɓa, da kuma me yake nema.

Daga wannan sashe ne wani abu ya fito da ya daɗe fiye da tsarin kansa. Tun da awar zaure da ta wasa ba sa cikin darussan jarrabawa, a 1914 Wirt ya yarda yaron da iyayensa suka rubuto izini ya fita a wannan lokaci ya je cocinsu a koya masa addini, cocin ce ke biyan malamin. Makarantar gwamnati ba ta koyar da addinin ba, ta dai saki yaron. Wannan dabara ta bazu a jihohi da dama daga baya.

Abin da masu bincike suka gani

Zuwa 1915 masu zuwa ganin makarantun sun yi wa Gary yawa har sai da aka ware musu ranakun ziyara. Dewey da 'yarsa Evelyn sun yabi makarantun a littafin da suka fitar a shekarar, marubuci Randolph Bourne ya biyo baya da nasa a 1916. Abin lura shi ne masu yabon kashi biyu ne da ba sa ga-maciji. Masu son sauyin tarbiyya sun ga yara suna motsi suna aiki da hannu. 'Yan kasuwa da masu kula da baitulmali sun ga gini yana aiki kamar masana'anta, ba ɗakin da ke hutawa. Wirt yana magana da kowane ɓangare da harshen da yake ji.

A 1916 hukumar General Education Board, wadda kuɗin attajirin man fetur Rockefeller ke riƙe da ita, ta aiko da tawaga ƙarƙashin Abraham Flexner da Frank Bachman, rahoton ya fito a 1918. Sun yaba wa tunanin da ƙarfin halin gwada shi, suka soki yadda ake aiwatarwa. Gwaje-gwajen da Stuart Courtis ya yi wa yara a rubutu da haɗa baƙaƙe da lissafi da karatu sun nuna rauni idan aka kwatanta da wasu birane. Shugabannin makarantu sun shagala da jadawali da gini, ba mai bin abin da ke faruwa a cikin aji. Bayanan kuɗin shaguna ba su da tsarin da zai tabbatar da cewa suna biyan kansu. Ƙananan mataimaka sau da yawa tsayuwa kawai suke yi. Awar zaure kuwa, idan ba a shirya ta ba, takan zama cika lokaci. Shirya abin da zai riƙe hankalin ɗaruruwan yara sau shida a yini, kwana biyar a mako, aiki ne da ya fi ƙarfin malamin da aka ɗora wa shi a kan sauran ayyukansa.

Akwai uzuri na gaskiya: yara da yawa ba sa jin Turanci a gida, iyalai kuma suna shigowa suna fita. Amma wani abin da binciken ya nuna ba shi da uzuri. Emerson da Froebel ne ake kai masu ziyara, alhali yara masu yawa suna ƙananan makarantu da ɗakunan katako na wucin gadi, inda ake juya jadawalin ba tare da kayan da suka ba shi ma'ana ba.

New York, 1914 zuwa 1917

John Purroy Mitchel ya ci zaɓen magajin garin New York a 1913 da alkawarin tsaftace mulki da tsuke bakin aljihu. Dubun-dubatar yaran birnin rabin yini kawai suke samu saboda ƙarancin kujeru. A 1914 ya je Gary ya gani da idonsa, ya ɗauki Wirt mai ba da shawara a kan dala 10,000 a shekara, yana zuwa mako ɗaya a kowane wata. Aka fara da makaranta mai lamba 89 a Brooklyn da mai lamba 45 a Bronx, wadda Angelo Patri ke shugabanta. Zuwa 1917 makarantu kimanin 30 sun koma tsarin.

Kusan duk abin da zai iya lalacewa ya lalace, kuma dalilan a bayyane suke. A Gary an zana gini ne domin tsarin, a kan fili mai faɗi. A New York tsofaffin benaye ne a tsakiyar cunkoso, babu filin da zai ɗauki yara 240. An sha sauya jadawali kafin a gama gyaran gini, yara suka riƙa cincirindo a baranda da matakala, awar wasa ta koma ɗakin ƙasa. Gwamnatin birnin ta riƙe kuɗin gina sababbin makarantu tana dogaro da tsarin, don haka kowa ya gane tsimi ne a gaba. An ƙara wa malamai tsawon yini ba a tuntuɓe su ba. Shugaban makarantun birnin, William Maxwell, da manyan jami'ansa suna ganin an tsallake su an kawo baƙo.

Babban kuskuren shi ne rashin fahimtar iyaye. Yahudawan da suka yi hijira daga gabashin Turai sun ɗauki makaranta a matsayin hanyar fitar da ɗa daga shagon ɗinki zuwa aikin likita ko lauya ko malanta. Da suka ji an rage zaman aji an miƙa wa yaro guduma, abin da suka karanta shi ne ana shirya 'ya'yansu su zama leburori. Sunan da aka san tsarin da shi, Gary, sunan shugaban kamfanin ƙarfe ne. Mitchel kuma ya naɗa Flexner da Raymond Fosdick, masu alaƙa da cibiyoyin Rockefeller, a hukumar ilimi, a lokacin da kisan masu yajin aikin haƙar kwal a Ludlow ta jihar Colorado a 1914 ke manne da sunan Rockefeller, don iyalinsa ne ke riƙe da kamfanin kwal ɗin. Batun sakin yara zuwa darasin addini ya ƙara tsoro, don zai sa a ware yara a gaban juna bisa addininsu. Wirt bai nufi raba yara zuwa na sana'a da na boko ba, a Gary kowa ke shiga shago, ɗan manaja da ɗan lebura. Amma babu wanda ya zauna da iyayen ya bayyana musu wannan tun da wuri.

Zaɓen 1917 ya zo a kan wannan gaɓa. John F. Hylan, ɗan takarar ƙungiyar siyasa ta Tammany Hall, wanda jaridun William Randolph Hearst ke mara wa baya, ya mayar da tsarin abin yaƙin neman zaɓe, yana cewa makarantar attajirai ce domin 'ya'yan talakawa. Ɗan takarar gurguzu Morris Hillquit ma ya soke shi. A tsakiyar Oktoba dubban ɗalibai suka fita tituna a unguwannin Harlem da Yorkville da Bronx da Brownsville, ana fasa tagogi ana hana shiga aji, aka kwana da yawa 'yan sanda na kamawa. A Nuwamba Hylan ya ci da rata mai yawa, ya soke tsarin bayan ya hau. Jaridun senti ɗaya-biyu, 'yan uwan silimar da Wirt ke son ƙwace yara daga hannunta, su suka kai saƙon gida-gida.

Waɗanda aka ware

A Gary ɗin kanta alkawarin ba yara duka abu ɗaya bai haɗa da baƙaƙen fata ba. Tun farko an tura yawancinsu makarantu na daban. A Froebel, inda suke tare da 'ya'yan baƙin Turai, an taƙaita musu shiga wurin ninƙaya da ƙungiyoyin ɗalibai. A Satumba 1927 aka mayar da ɗalibai baƙaƙe 18 zuwa Emerson saboda cunkoso, sai farar fata fiye da dubu ɗaya suka ƙaurace wa aji. Hukuma ta ba da kai, aka fitar da yawancin baƙaƙen, aka gina musu sakandaren Roosevelt. A 1945 farar fatar Froebel suka yi nasu yajin suna neman a kori baƙaƙe, har mawaƙi Frank Sinatra ya zo garin a Nuwamba ya yi musu magana, bai kuwa kawo ƙarshen rikicin ba.

Yaɗuwa da rushewa

Faɗuwar New York ba ta kashe tsarin ba. Alice Barrows, wadda ta yi wa Wirt aiki a can, ta koma ofishin ilimi na tarayya ta ci gaba da tallata shi. Detroit ta ɗauka daga 1918 ƙarƙashin Charles Spain, amma ta rage masa nauyi: firamare kaɗai, yini mai gajarta, babu manyan shaguna, an bar zaure da ɗakin motsa jiki da laburare da malaman kiɗa da zane. Wannan siffa ce ta fi bazuwa, don ta fi arha kuma ba ta tayar wa iyaye da hankali. Zuwa 1929 makarantu sama da 1,000 a birane fiye da 200 suna juya yara rukuni biyu.

Karyewar tattalin arziki ta shekarun 1930 ta taɓa tushen lissafin. Masana'antar ƙarfe ta rage aiki, haraji ya ragu, aka datse karatun dare da na bazara da sauran abubuwan da ake gani ƙari ne, alhali su ne rabin tsarin. Haihuwa ta ragu, dokokin 1921 da 1924 sun riga sun toshe shigowar baƙi daga gabashi da kudancin Turai, don haka a birane da yawa matsin kujeru a firamare ya sassauta, hujjar tsimi ta raunana. Masana tarbiyya kuma suka juya ga ra'ayin cewa ƙaramin yaro ya fi buƙatar malama ɗaya da ta san shi. Wirt ya zubar da sauran kimarsa a 1934, lokacin da ya zargi wasu jami'an gwamnatin Shugaba Roosevelt da ƙulla juyin gurguzu, bisa hirar da ya ce ya ji a wata liyafa a gidan Barrows. Kwamitin majalisar wakilai ya saurare shi, mafi rinjayen 'yan kwamitin suka yi watsi da zargin.

Bayan rasuwarsa a 1938 hukumar ilimi ta gayyaci masana daga Jami'ar Purdue su duba makarantun. Sun ba da shawarar a mayar da ƙananan yara aji ɗaya da malama ɗaya, a rage tsawon yini, a ƙarfafa sa ido kan koyarwa. A farkon shekarun 1940 Gary ta bi shawarar ta wargaza jadawalin X da Y.